Teburin Alisabatu

Tun kafin ta baro gida Malama Zakiyya ta yanke shawarar tsallake darasin. A cikin keke napep ɗin da ya ɗauko ta daga Tunga zuwa Shango ta sake buɗe littafin, ta ƙura wa shafin ido. Hoton wata mata ne zaune a tebur mai farin ƙyalle, wani mutum tsaye a gefenta ya ɗan rusuna, da tawul rataye a hannunsa. A sama an rubuta da Turanci cewa darasin yadda ake neman abinci ne a gidan cin abinci. Ta ja tsaki, ta naɗe kusurwar shafin, ta mayar da littafin jaka.

Ajin nata na manyan mata ne. Wata ƙungiyar agaji ce ta buɗe shi, ta ari ɗaki guda a wata makarantar firamare, ana shiga bayan la'asar idan yara sun tashi. Kusan duk ɗaliban daga ƙauyukan wajen Kagara suka fito, lokacin da zaman can ya gagara saboda 'yan bindiga. Wasu suna raɓe a gidajen dangi, wasu a kangon gine-ginen da masu su ba su ƙarasa ba. Akwai mai wankau, akwai mai tallan itace, akwai wadda ba ta da abin yi sai jiran ranar rabon hatsi. Zakiyya haifaffiyar Minna ce, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo kakanta garin, kuma a gidansu an koya mata jin kunyar cin abinci a gaban wanda bai ci ba. A ganinta, ta tsaya gaban waɗannan mata tana koya musu yadda za su ce a kawo musu soyayyar kaza da lemo mai sanyi, cin fuska ne.

Don haka da ta shiga suka gaisa, sai ta ce kowa ya buɗe darasin gaba, na tambayar hanya.

"Malama, kin tsallake ɗaya," in ji wata murya daga bencin baya.

Alisabatu ce, babbar ajin. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ta haura hamsin, bencin yara ya yi mata kaɗan, kullum a karkace take zama ƙafafunta a kan hanya. Ba ta cika magana ba, kuma ba ta fi kowa ƙoƙari ba, don har yanzu takan rubuta wasu haruffan a baibai. Amma ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da aka yi ruwan da ya cike kwatar bakin makarantar sai da ta zo, takalmanta a hannu.

"Wancan ba shi da wani amfani gare mu, Mama," in ji Zakiyya. "Mu je gaba."

Alisabatu ba ta juya shafin ba. Ta ɗora yatsa a kan hoton. "Me suke yi a nan?"

"Gidan abinci ne, irin na masu hali. Matar ta zo cin abinci, shi kuma ma'aikacin wurin ne. Yana tambayarta abin da take so a kawo mata."

"Tambayarta yake yi?"

"E."

"Idan ta faɗa, ya je ya kawo abin da ta faɗa?"

"Haka ne."

"To shi nake so ki koya mana."

Aji ya ɗauki dariya. Jummai, wata matashiya mai goyo da ba ta iya riƙe bakinta, ta juyo ta ce, "Mama, ko kwangila aka ba ki ba mu sani ba? Wane gidan abincin za ki?"

Zakiyya ta ɗaga hannu aka yi shiru. Ta tausasa murya. "Mama, ba raina ku na yi ba. Gani na yi lokacinmu kaɗan ne, kuma akwai abin da ya fi wannan. Tambayar hanya, magana da likita, karanta sunan magani. Waɗannan za ku yi amfani da su gobe goben nan."

"Raina mu kika yi," in ji Alisabatu, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Da kyakkyawar zuciya kika yi, amma raini ne. Malama, ni a gida rumbuna ba ya ƙarewa kafin sabo ya shigo. Ranar gayya ni ke tsayawa a bakin gona in tambayi maza, tuwo za ku ci ko sakwara. Tun da na sako ƙafa garin nan babu mahaluƙin da ya tambaye ni me zan ci. A gidan ɗan ƙanena abin da aka zuba mini shi nake ci, in ce na gode. A wurin rabo abin da aka auna mini shi nake karɓa, in ce na gode. Yau littafi ya zo da wurin da ake tambayar mutum, ke kuma kin ce wannan ma ba namu ba ne. Wa ya gaya miki?"

Babu wanda ya sake dariya. Zakiyya ta so ta kare kanta, ta ce ita fa tausayi ne ya sa, amma ta ga ai shi ɗin ne aka riga aka ambata. Ta ajiye alli. Sannan ta koma tebur, ta warware kusurwar shafin da ta naɗe, ta ce kowa ya dawo baya.

Suka jawo teburin malami tsakiyar aji, Jummai ta shimfiɗa mayafinta a kai, Zakiyya ta rataya hankici a hannu ta zama ma'aikaciya. Abincin da ke cikin littafin babu wadda ta san shi, har ita malamar akwai wanda ba ta taɓa gani ba, don haka ta goge allo ta ce kowa ta faɗi abin da ranta ke so. Aka yi ta jefowa: sakwara da miyar agushi, tuwon shinkafa da miyar taushe, farfesun kifi, dafa-duka, zoɓo. Wanda ke da suna da Turanci ta rubuta, wanda ba shi da shi ta ce su faɗe shi yadda yake, wanda bai sani ba ya tambaya.

Sai aka zo kan jumlar kanta. Zakiyya ta rubuta ta da manyan baƙaƙe, ta karanta musu: "I would like."

Alisabatu ta ce, "Mu dai wadda muka sani ita ce please help me. A wurin rabo muka koye ta. Mene ne bambancinsu?"

"Waccan roƙo ce," in ji Zakiyya. "Akwai kuma give me, wadda umarni ce, kamar kina aiken yaro. Wannan ta allo ba roƙo ba ce, ba kuma tsawa ba. Maganar wanda ya zauna ce ya faɗi abin da yake so cikin mutunci, ya san kuma za a kawo."

"To wannan ce tawa," in ji Alisabatu.

Ba ta zo mata da sauƙi ba. Kalmar tsakiyar ta ƙi zama a bakinta, ko ta haɗiye ta ko ta ja ta da tsawo. Sauran suka wuce ta, Jummai ma har ta koyi neman ƙarin nama da cewa miya ta yi yaji. Alisabatu ta yi ta maimaitawa a hanyar gida, tana wanki tana yi, har matar ɗan ƙanen nata ta tambaye ta ko addu'a ce sabuwa aka ba su a coci. Darasin da littafi ya ware wa yini guda sai da ya cinye musu mako, kuma ba a taɓa cika ajin kamar makon ba.

A cikin haka ne Mista Philip, jami'in ƙungiyar mai kula da ajin, ya leƙo wata yamma. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga Jummai tana rusunawa da hankici a hannu, matan suna ta oda, ya yi dariya har da tafi. Bayan an tashi ya tsayar da Zakiyya. Ya daɗe a Minna, yana jin Hausa sosai, sai dai kowa "ka" ne da "shi" a wurinsa, mace ko namiji.

"Malama, ka yi ƙoƙari. Wannan shi za mu nuna wa baƙi."

Ya ce manyan ƙungiyar za su zo daga Abuja ganin aiki, kuma daga abin da suka gani za a san ko ajin zai ci gaba. An kama wani gidan abinci a Tunga don taron. Za a kawo matan, a sa ɗan tebur a gaba da faranti da cokali, su yi wannan wasan, baƙi su gani.

"Faranti babu komai a ciki?" in ji Zakiyya.

"Wasa ne, Malama, ka gane? Idan an gama, baƙi za su ci a ciki. Su kuma akwai nasu a waje ƙarƙashin rumfa, shinkafa a roba, da nama, kowa da lemonsa. Ba za a bar kowa da yunwa ba."

Ba mugu ba ne, Zakiyya ta san haka. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka samu ɗakin karatun, shi ya sa aka gyara musu fitila. Ita kuma da wannan aikin take riƙe kanta da mahaifiyarta. Ta ce to.

Washegari ta faɗa wa matan, ba ta ɓoye komai ba, har da farantin da rumfar. Wasu suka yi murna da jin shinkafa da nama. Alisabatu ta saurara har aka gama, sannan ta tambaya.

"A gidan abinci na gaske za a yi?"

"E, Mama."

"Da masu tambaya na gaske?"

"Suna nan, amma baƙi za su yi wa hidima."

Alisabatu ta gyaɗa kai. Da Mista Philip ya ce ita za ta fito a matsayin mai cin abinci, tun da ita ce babba kuma za ta yi kyau a hoto, ba ta musa ba.

Ranar taron an yi rana mai zafi bayan ruwan safe. Motar haya ta sauke matan a bakin gidan abincin, kowacce an ba ta farar riga mai sunan ƙungiya ta ɗora a kan zaninta. Alisabatu ce kaɗai ba ta sa ba. Ta zo da zanin zumuntar matan cocinsu, wanda ta fito da shi daga ƙauye, an goge shi har yana ɗaukar ido. Mista Philip ya tambaye ta rigar, ta ce tana jaka, kuma a jakar ta zauna.

A ciki sanyin na'ura ya sa wasu suka rungume hannu. An jera musu kujerun roba a jikin bango. Baƙi suna tsakiya a tebura masu ƙyalle, ga kofunan gilashi, ma'aikata suna tsaye a gefe da baƙin wando da farar riga. Aka yi jawabai da Turanci mai gudu, matan suna tafi idan sun ga ana tafi. Daga nan Mista Philip ya karɓi makirufo ya ce yanzu baƙi za su ga abin da ɗalibai suka koya. Jummai ta fito da tawul a hannu ta tsaya gefen ɗan teburin da aka tanada. Aka kira Alisabatu.

Ta tashi a hankali. Ta nufi ɗan teburin, ta dubi farantin da babu komai a ciki, ta wuce shi. Ta ratsa ta tsakanin baƙi har wani tebur da babu kowa kusa da taga, ta ja kujera ta zauna, ta ajiye jakarta a ƙasa, ta gyara ɗankwali. Sannan ta ɗaga hannu ga wani ma'aikaci, magidanci mai furfura a gemu, an rubuta Kambai a ƙirjin rigarsa.

"Excuse me," in ji ta.

Kambai ya dubi Mista Philip. Mista Philip ya girgiza masa kai, yana murmushin da bai kai ido ba. Ya sauke makirufo, ya matso kusa da Zakiyya, ya yi ƙasa da murya.

"Malama, je ka tashe shi. Yanzu. Kada ya ɓata mana komai."

Zakiyya ta tafi. Teburan ba su da nisa, amma ta ji kowane ido a bayanta. Da ta isa, Alisabatu ta ɗago ta dube ta.

"Malama, idan tashe ni kika zo yi, sai dai ki ɗauke ni da kujerar."

"Mama, ajin fa. Idan suka ji haushi za su iya rufe shi."

"Na sani. Na yi tunaninsa. Amma ba zan zauna gaban farantin da babu komai ina tauna iska mutane suna tafi ba. Ke kika ce maganar nan ta wanda ya san za a kawo ce. Ko ƙarya kika koya mana?"

Zakiyya ta tsaya riƙe da bayan kujera. Ta tuna albashinta, ta tuna maganin hawan jinin mahaifiyarta. Ta waiga ta ga matan a jikin bango cikin fararen riguna, duk sun zuba mata ido. Sai ta ja kujerar ta zauna.

"Malam," ta ce da Kambai, "baƙuwa tana kiranka."

Wannan karon bai dubi kowa ba. Ya taho ya tsaya gefen Alisabatu, ya ɗan rusuna. "Sannu da zuwa, Mama. Me za a kawo miki?"

"Da Turanci za ka tambaye ni."

Ya gyara tsayuwa, ya mayar da hannu baya. "Good afternoon, madam. What would you like?"

Alisabatu ta buɗe baki, maganar ta gudu. Jumlar da ta yi ta nanatawa a bakin rijiya da kan hanya ta ɓace mata fat. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin na'urar sanyi. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Zakiyya ta sunkuyo za ta raɗa mata, Alisabatu ta ɗaga mata tafin hannu. Wani daga cikin baƙi ya yi gyaran murya. Kambai bai motsa ba, yana nan a tsaye kamar ba shi da wani aiki a duniya sai wannan.

"I," in ji ta a ƙarshe. Ta ja numfashi. "I would like pounded yam. And egusi soup. With fish."

"Fresh or dry, madam?"

Wannan ba ta cikin littafi. Alisabatu ta ƙura masa ido, ba ta waiga wurin malamarta ba. "Again, please."

Ya maimaita a hankali, kalma bayan kalma. Ta kamo ta ƙarshen, don sun taɓa cin karo da ita a darasin rani da damina. Busasshe yake nufi.

"Dry," ta ce.

"Yes, madam."

Ya juya ya nufi kicin. Jummai, wadda har lokacin tana tsaye gefen ɗan teburin wasa, ta dubi tawul ɗin hannunta, ta ajiye shi a kan farantin, ta taho ta zauna kusa da Zakiyya, goyonta yana barci. Wata ta biyo ta, sai wata. Ba duka suka taso ba. Wasu suka zauna inda suke, kai a sunkuye, wasu kuma suka sulale waje wurin rumfa tun kafin a ce musu. Waɗanda suka taso sun cika tebura biyu.

Mista Philip ya iso, har yanzu yana ƙoƙarin riƙe murmushinsa saboda baƙi. "Mama, ba a tsara wannan ba. Wa zai biya?"

"Wanda ya ci," in ji Alisabatu. Ta dafa bakin zaninta inda ta yi ƙulli. Tun ranar da aka faɗa musu taron take ƙara karɓar wankau. "Ban zo cin na kowa ba."

Sauran ba su shirya haka ba. Kowacce ta auna abin da ke jikinta ta nemi daidai shi. Wata ta ce zoɓo, wata ta ce dafa-duka ba nama. Wata tsohuwa da ba ta taɓa buɗe baki a aji sai an matsa mata ba, ta faɗi jumlar cikakkiya tun daga farko har ƙarshe, abin da ta nema kuwa ruwa ne kawai. Aka kawo mata a kofin gilashi a kan faranti, ta riƙe shi da hannu biyu tana sha a hankali.

Shugabar baƙin, wata mata mai tabarau, ta ɗauka duk cikin shiri ne. Ta miƙe tana tafi, sauran suka bi ta. Da sakwarar ta iso tana tururi, Alisabatu ta wanke hannu, ta rufe ido ta yi addu'a, ta yanko loma. Sai ga matar ta taho da waya a ɗage za ta ɗauki hoto.

Alisabatu ta tsayar da lomar. "No, thank you."

Matar ta yi dariya, ta ce guda ɗaya kawai, ba ta sauke wayar ba.

"No, thank you," in ji Alisabatu a karo na biyu. Ta juya ga Zakiyya. "Gaya mata abinci nake ci."

Zakiyya ta gaya mata, ta ƙara da cewa wannan ba wasan ba ne, wasan an fasa shi. Matar ta dubi ɗan teburin da aka bari a gaba, ta dubi matan da suka rage a jikin bango. Ta sauke wayar ta ba da haƙuri. Kafin ta koma wurinta ta ce a sa duk abin da teburan nan suka ci a lissafin taro. Jummai ta ce Allah ya saka, nan take ta kira Kambai ta nemi ƙarin nama da Turancinta mai santsi. Alisabatu ta ce ita a bar ta da nata. Ta ci abincinta ba gaggawa, ta tsince ƙayar kifin ta tara a gefe, ta suɗe kwanon miyar. Da ta gama ta kwance ƙullinta ta biya, ta gode wa Kambai, ya raka ta har bakin ƙofa.

Ba a rufe ajin ba. Amma mako na zagayowa Mista Philip ya kira Zakiyya ofis. Bai yi faɗa ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce an tambaye shi a gaban kowa dalilin da ya sa aka ware wa ɗalibai rumfa a waje, kuma bai ji daɗin yadda aka tambaye shi ba. Ya ce daga gobe za a kawo wani malami a madadinta, wanda idan an yi tsari zai bi.

"Ka san ban yi maka mugunta ba, Malama."

"Na sani," in ji ta. "Ni ma ba don in kunyata ka na zauna ba. Amma da za a sake, zan sake zama."

Ta yi ƙarfin halin faɗin haka, amma da ta isa gida ta shige ɗaki ta yi kuka. Mahaifiyarta, Hajiya, ta bar ta har ta gaji, sannan ta aika mata da kunu. Kwanakin da suka biyo baya Zakiyya ta yi ta zagayen makarantu masu zaman kansu da takardunta, ana ce mata ta dawo farkon zango.

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Alisabatu ce, da ɗaurin itace a ka. Ta sauke shi a bakin madafi, ta durƙusa ta gaida Hajiya, sannan ta zauna a kan turmin da aka kifar.

"Na ji an sallame ki saboda ni."

"Saboda ni ne, Mama. Ni na ja kujerar da hannuna."

"To. Don ban zo ba ki haƙuri ba."

Zakiyya ta yi dariya, karo na farko a makon. "Na san ba za ki ba ni ba."

Alisabatu ta ce sabon malamin ba shi da laifi, kuma ba su daina zuwa ba, don ba su ga dalilin da za su bar wa kowa ajinsu ba. Sai dai shi littafi yake bi shafi bayan shafi, idan ka tambaye shi abin da ba ya ciki sai ya ce ba a zo wurin ba. Ita da Jummai da wasu suna so su riƙa zuwa nan ranar Asabar. Abin da za su iya kawowa itace ne, da wanki idan akwai.

"Gidan ba nawa ba ne," in ji Zakiyya, tana kallon ƙofar ɗakin mahaifiyarta.

Daga ciki Hajiya ta ce, "Su zo. Amma kowa ta taho da tabarmarta, nawa sun tsufa."

Asabar ta gaba suka zo, suka cika tsakar gidan har bakin rijiya. Zakiyya ta jingina wani tsohon katako da bango ya zama allo. Ba littafi, sai ta tambaye su da me za a fara. Jummai ta ce cinikin atamfa. Alisabatu ta ce a'a, akwai abin da ya fi gaggawa. Mai kangon da su Jummai ke zaune ya aiko wani wakili ɗan boko, wanda idan ya zo sai ya juye zuwa Turanci, ya yi ta zuba, duk wadda ta fara magana ya katse ta. Ranar Litinin zai dawo, kuma ita za ta je ta tsaya musu.

"Yaya ake cewa, ban gama magana ba?"

Zakiyya ta rubuta a katakon, ta karanta sau biyu. Jumlar ta fi waccan tsawo, tana da kalma mai wuyar ƙarshe. Matan suka maimaita tare, Hajiya tana jin su daga ɗaki tana gyara zaman rediyonta. Alisabatu ta jawo tabarmarta kusa da allon, ta ɗora takarda a gwiwa, ta fara kwafa harafi bayan harafi.